Neman 'Yan Garwa daga Nguru zuwa Gashuwa

Kano zuwa Nguru

Da kakar shekarar 1985, wata Laraba, na fita gida ana kiran assalatu, rikoda a kafaɗa, jaka cike da batura da kaset sababbi. Sana'ata ke nan a lokacin, ɗaukar waƙa a kaset ina sayarwa a bakin tasha. Abin da ya tashe ni kuwa wani kaset ne marar ko suna a jikinsa, da wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya kawo mini in kwafa masa. Gurmi ne da jita da garwar kananzir, ana kiɗa kamar ana faɗa, wani mutum yana rera waƙa a kan tsadar sabulu da layin madara. Ba su taɓa shiga rediyo ba, amma direbobi da 'yan dako da 'yan makarantar kwana sun haddace su tsaf. 'Yan Garwa ake kiran su. Kaset ɗin ya sha kwafi har muryar ta koma kamar daga cikin rijiya, na ce sai na je na ɗauko ta daga bakin masu ita.

Jirgin bai tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Muka wuce Ringim, muka daɗe a Gagarawa ana jiran ban san me ba, a Malam Madori na sayi dafaffiyar gyaɗa da fura ta taga. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ta tambaye ni wurin wa za ni. Da na faɗa mata sai ta riƙe baki, ta ce waɗannan marasa kunyar, sannan ta rera mini baiti biyu ba ta yi tuntuɓe ba.

Nguru

Mun sauka bayan la'asar, warin bandar kifi ya tarbe mu tun daga dandamali. Ban sha wahalar nema ba. Mai jitar, Istifanus, mutumin Filato ne, makanikin reluwe, kuma a bayan tashar yake zaune. Matarsa ta kawo mini burabisko da miyar kuka, shi kuma ya aika aka kira Bukar, Babarbare dogo mai gurmi, wanda shi ne muryar da na biyo.

A nan na ji labarin da ya sanyaya mini jiki. An yi wa Istifanus canjin wurin aiki zuwa Kafanchan, ƙarshen wata zai kwashe iyali. Mai garwar kuma, Dauda, wani Babade masunci da ya girme su duka, ya tattara garewaninsa ya koma Gashuwa tun kafin damina. Tun ranar da suka fara kiɗa a gindin wani lalataccen tarago suka yi alkawari ba za su taɓa wasa wani mai kuɗi ba. Sai ga shi Bukar ya je sunan ɗan wani attajirin fata, ya yi masa kirari har aka sa masa babbar riga. Dauda ya ji, ya hau mota.

Bukar ya ce shi ba zai je ba, kunya ba za ta bar shi ba. Istifanus ya dube shi ya ce, "Ka iya sa rigar a gaban jama'a, ba ka iya cire ta a gaban mutum ɗaya ba? Ga baƙo ya taso tun daga Kano." Bukar ya taɓa tsirkiyar gurmi, ya ce a tashe shi da asuba.

Hanyar Jajimaji

Akori-kura muka samu, ta ɗauko buhunan gero da akuyoyi uku. Ni da rikodata aka sa mu gaba, su biyun suna baya a kan buhu. Duk hanya ina jiyo Bukar yana gunguni yana maimaita wasu kalmomi, na ɗauka addu'a yake.

Kusa da Jajimaji muka tarar da shinge. Zamanin sojoji ne, ba a wasa da mai kaki. Wani saje mai ƙaton gashin baki ya sa aka sauke jitar, ya leƙa cikin raminta, ya tambayi ko su wane ne. Da ya ji sunan sai ya ɗaure fuska, ya ce ashe su ne masu waƙar ɗan sandan da kaza ta kora. Direba ya fara salati a hankali. Sajen ya kira abokan aikinsa biyu, ya nuna ƙaramin cikinsu ya ce wannan bai taɓa jin ta ba, a yi masa. A bakin titi suka yi ta, ba garwa, sajen yana buga gindin bindiga a ƙasa yana ba da amshi. Da za mu tafi ya ce a gaya wa Dauda waƙar ba ta da gishiri in babu shi.

Gashuwa

Da azahar muka shiga gari, muka wuce tulin kanwa a bakin kasuwa muka gangara kogi. Ruwa ya cika fal, kwale-kwale suna ta kai da kawo. Dauda yana ƙarƙashin wata tsamiya yana ɗinkin koma, gajere kakkaura, furfura ta fara masa. Ya gaisa da Istifanus hannu biyu, ya yi mini maraba, ya sa aka gasa mana ƙarfasa. Bukar ya durƙusa ya ce, "Yaya Dauda, ina wuni." Dauda ya tambayi Istifanus ko wannan alhajin tare suke.

Istifanus ya faɗa masa zancen Kafanchan, na faɗi abin da ya kawo ni. Dauda ya ce Allah ya kiyaye hanya, amma shi garewaninsa yanzu ruwa ake ɗiba da su.

Sai Bukar ya zauna a ƙasa ya gyara gurmi, ni kuma na danna rikoda. Istifanus ya ɗauko wata garwa da ke kife ya dangwara mini, ya ba ni kara biyu, ya ce in buga ko yaya. Ashe abin da Bukar yake ta gunguni a mota sabuwar waƙa ce, kuma kansa ya yi wa:

Bukar ya sayar da baki ya sayi riga,
Rigar ta yi masa yawa, bakin ya yi masa kaɗan.

Haka ya yi ta jero wa kansa tsiya, yadda ya taka gefen rigar ya faɗi a gaban mata, yadda attajirin ya kira shi da sunan wani mawaƙin daban. Masu wanki suka bar wanki, masunta suka matso. Ni kuwa ina ta dukan garwa iyakar ƙarfina, ko'ina ban da inda ya kamata. Dauda bai ɗaga kai ba, amma na ga kafaɗarsa tana rawa, dariya yake dannewa. A baiti na huɗu ya jefar da komar ya taso.

"Kai Bakano, tashi. Kiɗa kake ko korar tsuntsaye daga gona?"

Ya karɓe karan, ya aika gida aka juye ruwan sauran garewanin biyu aka kawo. Da ya sauke hannu sau ɗaya na gane abin da kaset ɗina ya ɓoye mini. Rikoda kuwa tana ta ɗauka. Suka yi waƙa tara a jere har rana ta yi ja, mutane suna tsalle a cikin yashi, wani jaki ya sa baki a ta shida, ban goge shi ba.

Da muka gama Dauda ya riƙe hannuna ya kafa mini sharaɗi. Ya ce kada in sayar. Duk wanda ya zo da kaset ɗinsa in kwafa masa, in sallame shi. Na ce, "Baba, ai sana'ata ce." Ya ce ya sani, shi ma kifi yake sayarwa, amma bai taɓa sayar da kogin ba. Na amsa masa.

A gidansa muka kwana, shi da Bukar a tabarma ɗaya.

Komawa

Washegari Dauda ya rako mu tashar mota, ya cusa wa Istifanus ƙullin banda na matarsa, suka rungumi juna. Na kwana a Nguru na kwafa musu nasu, ran Asabar na hau jirgi, na iso Kano da magariba da ƙurar Gashuwa a takalmina.

Su ukun ba su sake zama wuri ɗaya sun yi kiɗa ba. Bukar ya ci gaba shi kaɗai, Dauda ya tsufa a bakin ruwansa. Ni kuma na cika alkawari har rikodata biyu suka mutu a kan kaset ɗin nan. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ga matar Istifanus da ta ciyar da baƙon da ba ta sani ba, ga sajen Jajimaji. Wanda duk ya saurari waƙar farko ya ji garwa tana ɓata kiɗa kafin ta gyaru, ya yi haƙuri, ni ne.