Madabod a Kan Murhun Banda

Yayana ya sayar da injin jirgin ruwan da Baba ya bari, ya sayo allo. Haka Inna ta riƙa faɗa wa duk wanda ya shigo gidanmu a Yelwa, kuma ba ta yi ƙarya ba. Madabod ne, allon da duk kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa, baƙi wuluk, da ƙarafa kamar haƙoran kada. Har da 'yan fitilu masu canza launi, sai ka ce gidan biki.

Yaya gyaran kwamfuta yake yi a bakin kasuwa, amma ciwonsa daban ne. Shi dai ya ƙara wa na'ura wuta, ya matsa mata ta yi gudun da ya wuce wanda masu ƙera ta suka yanka mata. Wani mai shago a Kaduna ya ce idan ya turo bidiyon tasa tana irin wannan gudu ba ta sume ba, to ya zo ga aiki. Yaya ya ƙwallafa rai. Inna kuwa ko sunan Kaduna ba ta son ji, don shi kaɗai ne namiji a gidan.

Matsalar ita ce abin da aka matsa wa zafi yake yi, ga bazarar Yauri da ko ƙadangare neman inuwa yake. Sai Yaya, malamin namu, ya yi dabara. Ya sayo ƙanƙara wajen masu kifi, ya jibga a kwano, ya sa fanka tana hura sanyin cikin akwatin kwamfutar. Ni da ban gama sakandare da lafiya ba na san randa ma gumi take yi. Na faɗa, ya ce in yi harkar gabana. Ba a jima ba allon ya jiƙe sharkaf.

Nan take ya kashe, ya kwance allon, ya shanya a tabarma cikin inuwa. Ya ce in tsare, zai je ya sayo sifirit na goge shi. Ni kuma haushinsa nake ji, sai na tafi kitso maƙwabta.

A gidanmu duk abin da ya jiƙe hanyarsa ɗaya ce. Kifi, ashana, takalmi, har littafin makarantata da ya taɓa faɗawa kogi, murhun banda ake kai su. Da Yaya ya dawo, can ya tarar da madabod ɗinsa a kan ragar waya, tarwaɗa dama tarwaɗa hagu. Inna har ta juya shi sau ɗaya don kada gefe guda ya fi shan hayaƙi.

"Inna, mi kika yi?" Muryarsa ta koma ta ɗan akuya.

"Jiƙe na ishe shi. Can gehe na aza shi, inda wuta ba ta da ƙarhi. Shekara nawa ina banda, ka taɓa ganin na ƙone kihi?"

Dariya ta kama ni har na durƙusa. Da na ɗago na ga idonsa ya kawo ruwa, sai kunya ta rufe ni, don ni aka bar wa tsaro. Kwana uku yana goge maiƙo da sifirit da buroshin haƙori, ni ina riƙe masa allon.

Ranar da zai kunna, da hantsi, har Inna ta zo ta tsaya bakin ƙofa. Ya yi bisimilla ya danna. Fitilu suka kama, fankoki suka ɗauka, ɗaki ya gume da ƙamshin banda. Ya ƙara wuta, na'urar ta jure. Ya sake ƙarawa, ta jure, ba ƙanƙara ba komai. Abin da ban yi tsammani ba, ya sumbaci hannun Inna yana cewa ita ce injiniyar gidan.

Ya tura bidiyon Kaduna, mai shagon ya ce ya zo. Sati biyu bayan nan muka raka shi tasha, akwatin a cinyarsa kamar jariri. Inna ta sa masa albarka, ta cusa masa ƙullin kifi. Da muka komo, mun kusa ƙofar gida, sai ta dube ni.

"Da na san tahiya za shi yi," ta ce, "da na ƙara ma wutar nan icce."

Na buɗe baki zan yi dariya, na ga tana share ido da bakin mayafi.