Gwaggo Kulu, yanzu ko mai kai labari babu

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina, makwancinta a Tambuwal. Na so in yi mata addu'a in ja bakina kamar kowace shekara. Amma abin da ya faru watan jiya ya hana ni yin shiru, kuma ita ce ta fara faɗo mini a rai.

Ga wanda bai san ta ba, tuwo take sayarwa a wata rumfa tsallaken caji ofis, kuma ita ke shiga da abincin waɗanda aka tsare. Ƙa'ida ce sai mai kawo abinci ya ɗanɗana a gaban ɗan sandan da ke kan kanta. To, ban taɓa ganin mai jan loma ɗaya kamar Gwaggo ba. Tana tauna tana leƙen ƙarfen ƙofa, duk baƙuwar fuskar da ta gani sai ta jefa tambaya: "Kai ɗan wa na? Wane gari?" Kafin la'asar tana tasha, ta riƙe rigar direban Kebbe ko na Dogon Daji. "Ka biya gidan wane, ka ce ɗansu shina hannun hukuma, su taho da babba." Direban da ya manta, ya yi bankwana da miyarta.

Ina sabon malamin makaranta, kai cike da turanci, na taɓa ce mata, "Gwaggo, in fa ɓarawo ne?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɓarawo ba shi da uwa?" Ban sake ba.

Yanzu an gyara doka, mun ji a rediyo har mun gaji. Wanda aka kama, a faɗa masa dalili. A sanar da danginsa. Kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi gaban alƙali ba. Kada a ɗauki bayaninsa sai da lauya ko wani nasa, a harshen da yake ji. Wallahi da Gwaggo ta ji wannan, da ta yi guɗa ta ce an sauke mata kaya. Ni ma haka na zata, har sai da aka kama Altine.

Altine ɗan aminina ne, manomi a Fakku. Ya tafi kasuwar wani gari da ba zan kama sunansa ba, a kan babur ɗin da ya saya hannun wani, bai dawo ba. Matarsa Ige ta kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka, rana ta uku wayar ta mutu. A ƙasarmu yau, in magidanci ya ɓace a hanya, ba a tunani biyu: ɓarayin daji. Kuma kowa ya san abin da ake cewa, kada a kai wa hukuma magana, in ɓarayin suka ji za su kashe shi. Don haka gidan suka yi gum. Suka sayar da shanun huɗa ana tsakiyar shuka, don in an kira a same su a shirye. Ige ta ɗaure waya a bakin zane, ko banɗaki da ita take shiga. Kwana goma sha biyu ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

Ashe mutumin yana caji ofis. An ce babur ɗin na sata ne. Gidansu na ɓoye wa 'yan sanda ɓatansa, 'yan sanda na ajiye da shi. Haba jama'a! Wanda ya warware mana wani mai faci ne da aka sako daga ɗaki ɗaya da shi. Bawan Allah ya hau mota da kuɗinsa har kasuwar Kebbe yana tambaya, "Wa ya san Altine na Fakku?"

Da ni da Ige aka je caji ofis ɗin, don ni ke karanta turanci. Na tambayi jami'in abin da ya hana a sanar da gida. Ko kunya babu ya ce, "Ai bai ce a kira kowa ba." Na ce an faɗa masa yana da wannan damar? Ya hau jujjuya takardu. Wayar Altine kuwa tana cikin aljihun teburin da yake jingine da shi, a nan ta yi ta kuka har ta mutu. Sannan aka nuna mini bayani shafi biyu da turanci, da dangwalen yatsan Altine, wai ya amsa ya san kayan sata ya saya. Altine bai san bihim ba a boko. Ya ce an ce masa ya dangwala a sallame shi. Da wannan takarda aka kai shi kotu, yanzu yana gidan yari yana jiran zama na gaba.

Na fusata, har yau ban huce ba, kuma ba da su kaɗai ba. Mu ma muna da laifi. Rumfar Gwaggo yanzu shagon cajin waya ce, wayoyi sun fi ɗari a jere, amma babu mai tsallaka titi ya tambayi wa ke ciki. Ni da nake yabonta a jarida, shekara goma sha ɗaya ban taɓa tsallakawa ba. Tsohuwar da ba ta san doka ba ta yi shekaru tana aikin da yau doka ta ɗora wa masu albashi. Da ta rasu ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. In akwai wanda ya gaje ta, mai facin nan ne, shi kuwa ko sunanta bai taɓa ji ba. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta.

A hanyar komawa Fakku, bayan mun wuce Kebbe, sai Ige ta kwance wayar daga bakin zane, ta dube ni ta ce, "Baba, da ɓarayin daji na sunka ɗauke shi, da tun kwana na biyu sun kira mu."