Ranar da Na Goya Likita Zuwa Agyaragu

A kan hanyar Keana na fara haɗuwa da Likita, a wata damina, tun Lafiya ba ta zama babban birnin jiha ba. Ni malamin gona ne a lokacin, aikina zagaya ƙauyuka ina duba doya da riɗi, ina surutun taki da manoma. Ina tafe sai na hango mutum tsugune a gefen hanya, gabansa babur irin nawa sak: baƙi, ɗan Japan, mai salansa biyu, gefen tankinsa da farin ƙarfe mai sheƙi. A zamanin nan in ka ga mai irin babur ɗinka ya tsaya, ba ka wucewa. Na sauka na yi masa sannu. Ruwa ne ya shigar masa fulogi a wani rafi da ya tsallaka. Ina da wani a aljihu, na ba shi, ya ɗaura, ya buga kik, babur ya tashi. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam, daga yau ni da kai mun zama dangi."

Ba cikakken likita ba ne. Malamin asibiti ne a wani ƙaramin ɗakin shan magani, amma duk ƙauyukan nan Likita ake ce masa, ni ma haka na kira shi har ƙarshe. Mutumin Agyaragu ne, ɗan ƙabilar Migili, Kirista mai riƙo da cocinsa. Ni kuwa kakannina daga Barno suka zo. Hausarsa irin ta kasuwar Lafiya ce, ba ruwansa da namiji ko mace a magana, matarsa ma "shi" yake ce mata. Gidansa yana Bukan Sidi, ba nisa sosai da nawa, saboda haka muka saba fita tare ran Asabar. Wani lokaci Adogi, wani lokaci har Keana mu sayo wa matanmu gishirin da matan can ke dafawa, mu ɗaure shi a kariyar babur mu juyo.

Wanda bai hau irin waɗannan babura ba zai yi wuya ya gane abin da nake nufi. Ƙarfe ne tun daga kai har wutsiya. In ya faɗi, sai ka yi bisimilla ka tattara ƙarfinka kafin ka ɗaga shi. Da safe ba ya tashi don kana sauri. Sai ka buɗe mai, ka ja cok, ka lallaɓa kik da ƙafa har ka ji inda ya yi tauri, sannan ka sake masa nauyinka gaba ɗaya. In ka yi gaggawa ya mayar maka da kik ɗin a ƙwauri, ka yi kwanaki kana ɗingishi. Amma in ya tashi, muryarsa mai kauri ce, tana fitowa a hankali kamar mutum mai nutsuwa yana magana, kuma kana jin ta a cinyarka da ƙirjinka, ba a kunne kaɗai ba. A kan titi ba ya rawa. Tirela za ta wuce ka da iskarta, shi ko gezau. Nawa da na Likita kamfani ɗaya ne, shekara ɗaya, amma kowanne da halinsa. Nasa yana son a ɗan murɗa masa mai kafin kik, nawa kuwa in ka yi masa haka sai ya shaƙe ya ƙi tashi.

Daga baya sababbin babura suka cika gari. Da farko na 'yan acaba, sannan waɗannan da ake kira roba-roba, marasa kuloci, da maɓalli ake tayar da su. Mutane suka riƙa sayar da tsofaffin ga 'yan gwangwan, ana auna su a sikeli kamar tsohuwar tukunya. Bakaniken da ke mana gyara ya rasu. Waɗanda suka gaje shi ba laifinsu ba ne, abin da suka koya shi ne a cire a sa sabo, mu kuma namu ba sabon da za a sa. Kayan gyaransu sun ɓace daga kasuwa.

Ba zan ce sababbin ba su da amfani ba. Mai kaɗan suke sha, ba su da nauyi, mace da tsoho duk suna iya hawa. Likita ya taɓa aron na 'yarsa ya je coci, ya dawo yana yaba shi, na ce masa ya ci amanarmu. Ya ce, "Malam, gaskiya ne, abin yana da sauƙi. Amma na je na dawo, ban ji na hau komai ba." Abin da ke damuna da su ke nan har yau. Duk iri ɗaya ne, kukansu ɗaya, in an jera su a bakin masallaci sai ka duba lamba kafin ka gane naka.

Mun yi ritaya kusan lokaci guda, muka ci gaba da fitarmu, ko da yake tafiyar ta rage nisa. Sai wata rana matarsa, wadda nake kira Madam, ta bugo mini waya ta ce Likita ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi makonni a asibiti, aka dawo da shi gida yana magana a hankali, baki ya ɗan karkace, ƙafa sai an ja. Aka tura babur ɗinsa ƙarƙashin mangwaro aka rufe da tamfol. Kafin wani lokaci kaji sun mayar da wurin ɗakin ƙwai.

A cikin watannin nan ne nawa ma ya kwanta. Kafireta ce ta tsage, mai yana zuba. Na sa aka liƙe, ta sake buɗewa. Na aika Jos, na aika Makurdi, ba a samu irinta ba. Sai na koma zuwa gaishe da Likita a keke mai ƙafa uku. Wata rana ina zama ya ce, "Malam, ina mashin? Na daɗe ban ji shi a ƙofa ba."

Na gaya masa. Sai ya nuna gindin mangwaro da hannunsa mai lafiya. "Ka cire nawa ka sa."

Na ce, "A'a, Likita. In ka warke me za ka hau?"

Ya ce, "Ni malamin asibiti ne fa. Na ga irin wannan ciwo da yawa. Ƙafan nan ba zai buga kik ba kuma, ni da kai mun sani." Na sunkuyar da kai, don ban taɓa jin ya faɗi haka ba, kullum cewa yake yi da sauƙi. Ya ƙara da cewa, "Amma ba kyauta ba ne. In ya tashi, za ka kai ni Agyaragu. Ina so in ga yayana da gonan lemu." Yayarsa yake nufi, wata tsohuwa da ta rene shi.

Ni na kwance kafiretar da hannuna, Madam tana korar kaji. Na kai gida na wanke ta da fetur, na ɗaura. Sai da na yi gumi sharkaf kafin babur ɗin ya amsa, amma ya tashi. Na tsaya a tsakar gida ina saurare, matata tana leƙowa daga madafa tana girgiza kai.

'Yarsa ce ta ƙi. Nas ce, tana aiki a Lafiya, kuma tana da mota. Ta ce mini, "Baba, don Allah. Mutumin da ba ya iya riƙe kofi shi za ka ɗauka a mashin a titin Makurdi? Ni zan kai shi a mota ran Lahadi."

Likita ya ce, "A mota kamar buhu kuke ɗora ni."

Suka yi ta ja, ni kuwa a raina na san yarinyar tana da gaskiya. Madam ce ta raba gardamar. Ta shiga ɗaki ta fito da sabon zane mai ƙarfi, ta ce wa 'yarta, "Da irin wannan na goya ku duka, ba wanda ya faɗi. Malam, gobe ka zo da safe."

An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, rana ta fito ba zafi. Maƙwabta biyu suka ɗaga shi suka zaunar a bayana. Madam ta zagaya zanen ta ƙarƙashin hammatarsa, ta kawo ƙirjina ta ƙulle tamau, ta ɗora ƙafarsa marar lafiya a kan matakin ta ɗaure da ɗankwali. Na ji nauyinsa duka a bayana, da numfashinsa a wuyana. Ya rame ƙwarai. Mutumin da dā in ya zauna a babur sai ka ga taya ta lotsa.

Muka fita a hankali. Cikin gari cunkoso ne, keke da 'yan acaba suna kutsawa ta ko'ina. Wani matashi a kan sabon babur ya jera da mu, ya dubi zanen, ya dubi salansa, ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Baba, una try!" Likita ya yi dariya har na ji ta a haƙarƙarina. Da muka bar gari titi ya buɗe, gonakin doya da rogo suka fara bayyana dama da hagu, kore shar, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Ina tafe a giya ta uku saboda tsoro. Sai na ji ya bubbuga mini kafaɗa da hannunsa na dama.

"Malam, kana wahalar da shi. Sa na huɗu."

Na sa. Injin ya sauke murya, ya daidaita. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Can ya sa baki kusa da kunnena ya ce, "Buɗe masa kaɗan." Na murɗa mai, ba da yawa ba, iska ta fara kaɗa mini riga. Na ji ya ɗaga kansa daga bayana, ya miƙe zaune iya yadda zai iya, yana wata waƙar cocinsu da yarensu, kalmomin suna fita a karkace. Ban san ma'anarta ba, ban kuma tambaya ba. Idona ya yi ta ruwa, ban iya sakin hannu in share ba.

Yayarsa tana shanya agushi a ƙofar gida muka iso. Ta miƙe tana kare rana da tafin hannu. Da ta ga ƙanenta ɗaure a bayan mutum kamar jariri, ta dafe kai ta fashe da kuka, sannan kuma ta koma dariya tana yi masa faɗa da yarensu. Aka kwance shi aka zaunar a kujera a inuwar lemu. Jama'a suka yi ta zuwa, tsofaffin da ya yi wa allura shekaru da yawa, da matan da ya duba 'ya'yansu. Aka daka sakwara. Da azahar ta yi, tsohuwar da kanta ta kawo mini ruwa a buta da tabarma mai tsabta, ta nuna mini gabas.

Ba mu dawo tare ba. Kafin la'asar ya gaji, kansa yana rinjaya. Ashe 'yarsa ta biyo mu a mota tun daga gida, tana nesa-nesa don kada ya gan ta, ta kuma ajiye motar a bayan coci ta jira. Da ta fito bai yi faɗa ba. Ya bari aka sa shi a kujerar baya, ya kira ni ta taga ya ce, "Ka rage iska kaɗan a kafireta, yana shan mai." Na ce to. Na biyo su ni kaɗai, bayana yana jin sanyi inda ya jingina.

Ya ƙara kusan shekara a duniya. Ba mu sake fita ba, amma ina zuwa a kan babur ɗin, in bar shi yana aiki a ƙofa na ɗan lokaci kafin in kashe. Da ya rasu aka kai shi Agyaragu. A lokacin gwiwata ta dama ta riga ta fara ba ni wahala, likitan ƙashi ya hana ni buga kik, saboda haka babban ɗana ne ya goya ni zuwa jana'izar a kan roba-robarsa. Mun isa da wuri, ba abin da ya tsaya mana a hanya. Duk tafiyar ina kallon gonaki ina jin kamar a talabijin nake ganinsu.

Madam ta koma ƙauye wurin danginta. Kafin ta tashi ta sa aka turo mini sauran babur ɗin Likita a baro, ta ce ba za ta iya ganin an auna shi a sikeli ba. Suna nan su biyu a zaurena, shi da nawa.

Kwanakin baya wani mutum ya zo daga Abuja, wai yana tara tsofaffin babura yana gyarawa. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe ni. Ya zagaya nawa yana shafa tanki, ya tambaya ko yana tashi. Na sa ɗana ya buga kik, ina gaya masa inda zai saki nauyinsa. Da ya tashi, baƙon ya ciro waya yana ɗauka, fuskarsa kamar ta yaro. Ya ce in na sayar masa zai kula da shi, a ɗaki mai tayil zai ajiye shi, ba ruwa ba rana. Na tambaye shi ko zai riƙa hawa. Ya ce jefi-jefi, a cikin unguwa.

Na ce ya bari sai bayan damina mu yi magana. Damina ta wuce, ya bugo waya ya fi sau ɗaya. Ina ganin kiran, ban ɗauka ba tukuna.