Yaron da Ya Ajiye Karatunsa a Ƙofofin Zango

Har yau, mai son ya ja Waliyullahi da wasa sai ya tuna masa ranar musabaƙa. Yana ɗan shekara tara, an ɗora shi kan kujera ƙafafunsa na lilo. Ya kama Yasin kamar ruwa a gangare, tsofaffi har sun fara share ƙwalla. Sai ya tsaya cak. Aka ja masa baki, ya kasa ci gaba. Can ya matso kusa da lasifika ya ce, "Malam, ai an rushe nan."

Wuri ya kece da dariya. Mahaifiyarsa kaɗai, Uwa mai fura, ba ta dara ba.

A tsohon Zango na Wagadugu aka haife shi. Tun bai iya ɗaura wando ba, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Amma da tasa dabara. In ya taso daga makarantar allo zai kai fura gida-gida, sai ya riƙa ajiye karatun a hanya: Tabaraka a ƙofar Dela mai masa, Waƙi'a a shagon tela, Yasin kuwa daga bakin rijiya har kwanar Peuloghin. In zai yi tilawa, unguwar yake bi a ransa.

Ana haka aikin ZACA na sabunta tsakiyar birni ya zo, aka tashi mutanen Zango, katafila ta shiga. Su Uwa suka koma unguwar Pissy, inda kunne ba ya jin komai sai ƙarar masu fasa dutse. Yaro ya ga rushewar da idonsa, hadda ta fara zubewa ƙofa-ƙofa, har ta kunyata shi gaban jama'a.

Malamai suka ce kambun baka ne, a ba shi rubutu. Uwa ta ce to, ya sha. Washegari kuma ta kama hannunsa suka nufi filin da aka rushe. Ta tsaya kan tarin ƙasa ta ce, "Nan ƙofar Dela. Ba ka jin ƙamshin masa? Karanta, ɗan nema!" Ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma ta san inda gidan kowa yake. Haka suka yi ta zarya, kafin damina ta wuce karatu ya dawo.

Yau Uwa ta riga mu gidan gaskiya. Waliyullahi na jan koren taksi, da azumi kuma shi ke ba da tarawihi a masallacin layinsu. Fasinja dai suna kuka da shi: ko unguwar Dassasgho za ka, sai ya ratsa da kai ta cikin benayen da aka gina a filin tsohon Zango, leɓensa na motsi.

Rannan ina cikin motarsa, ya rage gudu gaban wani bene mai gilashi. Na ce, "Alaramma, taka mana, ai an rushe nan."

Ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "A wajenku aka rushe, Yaya. Ni ga Uwa can tsaye a ƙofar Dela tana saurare. Bari in kai aya."