Dinarin Tarabulus a bakin wuta

Da tsofaffin agoguna da kwanukan tagulla na fara sana'a a kasuwar Aboabo da ke Tamale, kafin hankalina ya koma kan dinare, wato kuɗin zinariya da alhazan dā suka dawo da su lokacin da ake zuwa Makka a ƙafa. A Tamale a kan sikeli kawai ake ɗora su. Ni karanta su nake yi. Ɗan karatun allona ya ishe ni gane layin da ke faɗin garin da aka buga kowanne. Ina da na Istanbul da yawa, da na Masar, da ɗaya na Tunis. Na Tarabulus ne na yi shekaru ina nema ban samu ba.

Wata Laraba da hantsi na tsayar da babur a rumfar wani maƙerin zinariya a unguwar Gumbihini, abokina ne. Na tarar da wata Hajiya tsohuwa zaune a benci, shi kuma ya hura wuta. Dinare uku ne a kan tebur, kowanne da huda, alamar an taɓa rataya su a wuya. Kakanta ne ya zo da su daga Hajji, tana so a narka su a yi wa jikarta 'yan kunne na aure.

Na juya biyu, na Istanbul ne. Na juya na ukun, sai na ga Tarabulus.

"Mai karatun kuɗi, ajiye mini kayan aikina," in ji maƙerin. "Wuta ba ta jiran malamai."

Na durƙusa na gaishe da Hajiya, na ce ta sayar mini da wannan ɗayan.

"Ɗana, ba a sayar da abin da ya je Makka ya dawo. Albarkarsa nake so ta bi yarinyar nan gidan miji."

Na san irin wannan magana ba ta ciniki ba ce. Ban ƙara ambaton saye ba. Na gaya mata gaskiya: wannan ɗayan ya fi nauyinsa daraja nesa, kuma da ya shiga wuta zai zama kamar kowace zinariya. Na ce a narka biyun, albarkar tana cikinsu. Ni zan kawo sabuwar zinariya a haɗa, har ta isa 'yan kunne da sarƙa da zobe.

Ta tambayi maƙerin ko idan an haɗa za a iya raba ta kakanta da tawa.

"Hajiya, ko ni da na narka ba zan iya ba."

Ta ja carbinta. Can ta ce, "To, ashe sarƙar ma ta je Makka ke nan. Ɗauki dinarin, amma kai ma kar in ji ka kai shi wuta."

Na yi mata alkawari. Na tafi unguwarmu Kasalgu na ɗauko zinariyar a gida, na tsaya har aka zuba su a kasko ɗaya a gabanta.

Ranar bikin na ga amarya da sarƙarta, Hajiya tana nuna wa mata tana cewa ta kakanta ce. Dinarin yana cikin akwatina kusa da na Tunis. Baƙi biyu daga Accra sun taya shi, na ba su shayi suka tafi.