Bahon da Na Zaunar da 'Yar Yayata a Ciki

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar wata Talata abin ya fara, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Lokacin ina zaune a gidanmu a unguwar Soron Ɗinki, ina shirin sake jarrabawar kammala sakandare saboda darasi biyu da suka kayar da ni. Ba ni da yawan magana, ko baƙi aka yi ɗaki nake shigewa, amma komai nawa a tsare yake. A shekarar aka ɗauki yayata aikin koyarwa, sai ta riƙa kawo mini 'yarta mai wata biyar da safe, ta ɗauke ta bayan azahar. Ran nan yarinyar ta mirgino daga shimfiɗarta, ta cafki littafin da na yi wata uku ina tara bayanai a ciki, ta yage shafi biyu ta kai baki. Haushi ya kama ni. Na ɗauko bahon roba, na zaunar da ita, na tokare ta da tsummoki yadda ake yi in za a koya wa yaro zama.

Mutane na ɗan lokaci suke yi, ni kuwa na mayar da bahon mazauninta. Kunu a kan lokaci, wanka a kan lokaci, har jadawali na liƙa a bango, amma daga an gama sai baho. Goyo ma ban cika yi ba, don yana hana ni rubutu. Da yayata ta ga yadda take zama shiru, ita ma ta sayi baho a gidanta don ta samu duba takardun ɗalibai. Maƙwabta kuwa sai yabo, wai ba su taɓa ganin yarinya mai haƙuri haka ba.

Ta shekara ba ta rarrafe. In an fito da ita sai bayanta ya lanƙwashe, ta kife. Nan takaicin ya fara. Kakarmu ta ce gado ne, babanmu ma sai da aka gaji da jira kafin ya taka. Gwaggo ta ce baki ne, aka karɓo rubutu. Mai kemis ya ba da maganin ƙarin jini. Sau ɗaya na daure na yi wa Inna zancen bahon, ta ce duk a baho aka koya mana zama, wa ya gurgunce, in koma kan bokona. Haka muka ƙara ɓata wata biyu.

A ƙarshe likita ya tura mu sashen gashin ƙashi. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta kwantar da yarinyar rub da ciki, ta ajiye mukullai a gabanta. Yarinyar ta miƙa hannu, ta kasa ɗago ƙirji, ta fashe da kuka. Matar ta tambayi inda take wuni. Yayata ta dube ni, na faɗi gaskiya kaina a ƙasa. Matar ta yi mana bayani cewa mirginawa da jan ciki da rarrafe su ke ƙarfafa wuya da gadon baya, kuma ta motsin nan ƙwaƙwalwar yaro take koyon sarrafa jiki da sanin nesa da kusa.

Sai da yarinyar ta kusa shekara biyu ta taka, magana ma ta yi jinkiri. Yau lafiyarta ƙalau, amma har yanzu ban san nawa ne laifin bahon a ciki ba. 'Yan'uwana masu raino, kada shirun yaro ya ruɗe ku. Ku sauke shi ƙasa ya motsa, in kun ga jinkiri ku je asibiti da wuri.

Ranar da muka je sashen gashin ƙashin, har mun kai ƙofa na dawo ni kaɗai, na tambayi matar ko na lalata wa yarinyar ƙwaƙwalwa, kuma wane magani zan saya. Ta ce alkawari dai ba za ta yi mini ba, kuma ba ta da maganin rubutawa. In koma gida in kife bahon nan, in shimfiɗa tabarma, in ajiye littafina a can ƙarshenta, in bar yarinyar ta zo da kanta ta yaga.