Ranar da Manhaja Ta Kira Alaramma Ɓarawon Taki

A cikin shekarun da na yi ina riƙe da muƙamin sakataren ƙungiyar manoma ta yankinmu, tsakanin Gaya da Ajingi, akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma mai karatu zai gane a gaba cewa ko na ambata ba zai amfane shi da komai ba.

A shekarar ne masu tallafa mana da takin zamani suka ce sun daina karɓar sunayen da aka rubuta da hannu, sai waɗanda aka shigar a kwamfuta. Shugaban ƙungiyarmu ya tafi birni ya dawo da wani matashi mai haɗa manhajar kwamfuta, ya gabatar mana da shi a matsayin Injiniya. Ya zo da jaka biyu, ɗaya ta kwamfuta, ɗaya ta takardun shaida, kuma ta takardun ta fi nauyi. Kowace an lulluɓe ta da roba tana ƙyalli, kowace tana shaida cewa ya ci wata jarrabawa ta intanet da wasu masana na ƙasashen waje suka shirya. Shugaba, wanda Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken rana, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron tafsiri.

Da aka ba ni dama, na tambayi Injiniya yadda manhajarsa za ta bambanta mutanen da sunansu da na mahaifinsu suka zo ɗaya, domin irinsu sun yi yawa a ƙauyukanmu.

Ya yi murmushin tausayi. "Malam Sakatare, wannan matsala an warware ta tun kafin a haife ni. Suna yana iya zuwa ɗaya, amma da wuya ranar haihuwa ma ta zo ɗaya."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai Shugaba ya nuna tarin takardun da leɓe. "Sakatare, a cikin waɗannan wacce ce taka?"

Aka yi dariya. Na rubuta a bayanin taro cewa an hana sakatare ƙarasa maganarsa, domin iyakar ikon da ya rage mini ke nan.

Ga abin da aka hana ni faɗa. Dattawanmu ba a asibiti aka haife su ba. Idan ka tambayi ɗayansu ranar haihuwarsa, zai ce maka shekarar da fara ta cinye gero ce, ko daminar da kogi ya shigo gari. Masu cike takardu kuwa ba su da gurbin fara ko na kogi, don haka sukan rubuta wa kowa ɗaya ga Janairu, shekarar kuma su dubi furfurar mutum su kintata. Mu a tsakaninmu laƙabi ne yake raba mutane: wane dogo, wane mai shanu, wane na bakin kasuwa. Manhajar Injiniya ba ta da gurbin laƙabi, domin babu laƙabi a jarrabawar da ya ci.

Ranar rabo muka taru a filin makarantar firamare. Damina ta zauna, gero yana neman taki, direban motar da ta kawo takin kuma ya yi gargaɗi cewa duk buhun da bai sami mai shi ba a ranar zai koma da shi. Injiniya ya karɓi lasifika ya yi wa jama'a albishir cewa manhajarsa ta kama ɓarayin taki, wato masu yin rajista fiye da sau ɗaya don su ci kason wasu. Ta bar wa kowannensu suna ɗaya, ta cire sauran. Ya ce akwai wani da ya fi kowa rashin kunya, wanda ya maimaita sunansa har ya kusa cika shafi.

"Kira shi," in ji Shugaba. "Yau zai san akwai ilimi a duniya."

Injiniya ya kira sunan. Wani dogon mutum ya miƙe daga gindin darbejiya. Wani ya miƙe daga cikin mutanen ƙauyen Balan. Wani ya sauko daga kan babur, wani ya ajiye rake ya taso. Kafin a ankara an sami sahu guda na dattawa suna kallon juna. Na ƙarshen miƙewa shi ne wani alaramma daga Gafasa, tsoho mai dogara sanda, wanda rabin 'yan kwamitinmu a gabansa suka yi karatun allo, har da Shugaba.

Alaramma ya matso a hankali. "Ɗana, wane ne ɓarawon a cikinmu?"

"Baba, bisa ga manhaja dai, dukanku mutum ɗaya ne."

"To madalla. Tunda ni ne wancan dogon, a gaya masa gobe ya je gonata ya yi mini noman maimai, bayana yana ciwo."

Wani daga cikin sahun ya ce lallai ungozomar da ta karɓi haihuwarsu duka a rana ɗaya ta cancanci buhu biyu. Filin ya kaure da dariya, amma alaramma bai yi ba. Ya jira aka lafa, sannan ya ce taki ba shi ne damuwarsa ba, gonarsa ta saba da na shanu. Abin da ya dame shi shi ne ɗalibansa suna wurin, iyayensu suna wurin, kuma duk sun ji an kira sunansa da lasifika an haɗa da sata. Ya juya zai tafi.

Shugaba ya waiwayo ni, gumi yana bin wuyan rigarsa. "Sakatare, ai da ka faɗa mana."

Na ce masa amsar tana cikin bayanin taro, in yana so in karanta wa jama'a. Bai so ba.

A nan adalci ya wajabta mini in faɗi abin da ya biyo baya, ko da yake a lokacin haushi bai bar ni na yaba ba. Injiniya ya sha gaban alaramma ya durƙusa, ya ce babu sunan da ya salwanta. A cikin karatun da ya ba shi waɗancan takardu an hore shi cewa kada ya taɓa goge komai sai ya ajiye kwafinsa a wani wuri, kuma ya ajiye. Da wani ɗan koyo ne mai karambani, da sunayen sun tafi, motar ma ta bi su. Ya zauna a kan benci ya dawo da su, ya ƙara gurbin laƙabi da na unguwa, ya riƙa kiran dattawan yana tambayar kowa da me aka san shi. Wannan ce tambaya ta farko da na ji ya yi tun zuwansa.

Da ya gama ya sake ba alaramma haƙuri, murya ƙasa-ƙasa. Tsohon ya nuna masa lasifikar da sandarsa.

"Da wannan ka faɗa, ɗana. Da ita za ka janye."

Ya janye, kowa yana ji. Alaramma ya nemi Shugaba ma ya maimaita, kalma bayan kalma, kamar yadda yake biya masa allo a da. Bayan haka ne ya yarda aka ɗora masa buhunsa a kan babur.

Har yau ba na raina takardar shaida, domin na ga ranar da ta ceci takin mutane. Amma na koyi iyakar abin da take shaidawa: mai ita ya amsa tambayoyin da wasu suka tsara a wani wuri. Ba ta shaida cewa ya san tambayar da ya kamata ya yi wa mutanen da ke gabansa ba, kuma ba ta ba kowa izinin rufe bakin wanda ya san su ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mana da jakar takardu nakan karɓa in duba da girmamawa, sannan in tambaye shi ko ya san ranar da aka haifi kakansa.